Me za mu kira "fertigasiyon" da Hausa?

'Yan uwa masu lambun lemu a Garwa da Lagdo na ƙasar Kamaru, malaman gona suna ta jefo mana wata kalmar Faransanci: fertigasiyon. Ana narkar da takin zamani a tanki, a tura shi ta tiyon ban-ruwa, ya riƙa ɗiga a gindin bishiya. Ina son mu yi mata suna kafin bakinmu ya saba da na aro.

Sai mun san amfanin abin kafin mu raɗa masa suna. Saiwoyin da lemu ke cin abinci da su ba su da zurfi, yawancinsu a saman ƙasa suke. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari nata azot ne, wato abin da 'yan Najeriya ke kira naitirojin. Ka watsa ta a fili cikin zafin watan Maris ba ka rufe ba, wani kaso ya bi iska. Ka cika gindin da ruwa har ya kwanta, sauran ya bi ruwan ya nutse inda saiwa ba ta kai, musamman a ƙasa mai yashi ta bakin kogin Binuwai. Bayan 'yan makonni tsofaffin ganye su koma ruwan ɗorawa, mai lambu ya rantse takin jabu aka sayar masa. Ina jin zafin wannan asara, don buhun taki ba ƙaramin kuɗi ba ne.

To, ga sunayen da aka ba da shawara. Wani Malam daga Marwa ya kawo "ban-taki", bisa awon ban-ruwa. Malam, ya yi daɗin faɗa, amma wanda ya watsa da hannu ma ban-taki ya yi. Babu ruwa a cikin sunan.

An ce "shayar da taki". Wannan kam kunne zai ji kamar takin ne ake ba ruwa.

Wani dattijo ya ce "jiƙon taki". Baba, na daɗe a kan wannan, don kowa ya san jiƙo. Damuwata ita ce mutum zai ɗauka a jiƙa buhu guda a kwarara lokaci ɗaya, kuma abin da ake gudu ke nan. Lemu ya fi jan azot lokacin toho da fure da ɗaurin 'ya'ya, shi ya sa ake raba takin kaɗan-kaɗan, a ba shi sau da yawa a cikin ruwan da bai wuce saiwa ba.

Don haka ni "ɗigon taki" na zaɓa. Ɗigo ruwa ne, kuma kaɗan-kaɗan yake zuwa. Ku gwada a baki: "Na yi wa lemuna ɗigon taki da safe, na bi da ruwa zalla don kada tiyo ya toshe."

Wani ya tuna mini cewa masu ban-ruwa ta hanyar feshi ma suna zuba taki a ruwansu. Gaskiyarka, Alhaji. Nasu sai mu ce "feshin taki", na tiyo mai ramuka ya riƙe "ɗigon taki".