Dizal ya jiƙa ƙasar lambuna: in shuka ciyawa ko in kwashe?

Mai Lambu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tankin janareta ya daɗe yana yoyo a gefen lambuna, har ƙasar wurin ta yi baƙi, ko ruwa aka zuba sai ya kwanta a sama ya ƙi shiga. Na riga na toshe yoyon. Akwai rijiya kusa. An ce min wasu tsirrai na tsabtace irin wannan ƙasa. In gwada, ko in sa a kwashe?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ka fara gyara tankin tukuna, Malam.

Baban Amira: Kada ka wahalar da kanka ɗan'uwa. Tankar mai ce ta kife kusa da gonata, aka ce in shuka wake. Yawancinsa ko tsirowa bai yi ba, ɗan da ya fito ya yi ɗorawa ya bushe. Ina nan ina jiran tsiro, ruwan rijiya ya fara wari, ka ja guga ka ga maiƙo yana ƙyalli a sama. Mai tankar har yau ko sannu bai ce min ba.

Injiniya: Allah Ya mayar da alheri, Baba. Amma ba tsiron ke shanye man ba. Ƙwayoyin bakteriya irin su Pseudomonas da ke taruwa jikin saiwa su ke cinye shi, saiwar kuma tana ciyar da su, tana buɗa musu hanyar iska. Shi ya sa ake son ciyawa mai yawan saiwa kamar jema, wadda saiwarta kan kai mita 3. Idan man ya yi yawa iri ba ya tsirowa, sai an kafce ƙasar an cakuɗa taki an bar ta ta sha iska. Aiki ne na watanni, wani lokacin shekaru. Kada mutum ko dabba su ci abin da ya fito. Gushewar wari kuma ba shaida ba ce, gwaji ne kawai zai nuna.

Maman Biyu: Ni jemar na dasa, kusan kyauta.

Baban Amira: Kyauta? Taki da ban ruwa da gwaji sun fi kwashewar cin kuɗina. Injiniya, ka taɓa riƙe fartanya kuwa, ko a takarda ka gani?

Injiniya: Baba, man da ya gangara ya wuce saiwa ba ciyawar da za ta kamo shi. Taka tanka ce, tasa yoyo ne.

Ɗan Auta: Ku bar akuya ta ci mana, ƙila ta fara tashi da makulli kamar mota.

Hajiya Babba: Ku dizal ma kuke ta kai. Makanikan bayan gidanmu baƙin mai suke tuttulewa a kwata, in an yi ruwa duk ya malalo ƙofar gida, yara suna takawa. Wa ake kai wa ƙara?

Maman Biyu: Wallahi Hajiya, mu ma haka. Mun yi magana har mun gaji.

Mai Lambu: To rijiyar fa, mu ci gaba da sha kafin a gwada?

Injiniya: A'a Malam, ku dakata sai an gwada. Hajiya, baƙin mai ya fi muni, har da ƙarafa masu guba a ciki, su kuwa ba sa ruɓewa.