Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ya dace a faɗa wa ciki haka?

Yayar Auta:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah ku raba mu gardama akan karin maganar nan, ana kukan targade sai ga karaya. Kanwata ce sukayi hatsari da mijinta, tayar gaba ta fashe motar ta kwace masa suka fada gefen hanya. Shi ya karye a cinya, ita kuma kafada da wuya ne suka bugu sai kujewa. To a asibiti kafin a dauketa hoto nas ta tambayeta yaushe rabonta da al'ada, tace ai shayarwa take bata ma fara gani ba tunda ta haihu, akace duk da haka sai an gwada fitsari, ana gwadawa sai ga ciki, sikanin ya nuna sati 9. Yaron dake hannunta wata 8 kacal, motar nan kuma da ita mijin yake nema musu na rufin asiri. Tana ji ta fashe da kuka tace ana kukan targade sai ga karaya. Gwaggonmu na wajen, ta rufeta da fada wai ta kira kyautar Allah karaya, butulci ne maza ta tuba. Tun daga ranar yarinyar nan bata kara bude baki ta fadi abinda ke ranta ba, ko ka tambayeta ya jiki sai tace alhamdulillah ta juya kai. Ni dai ban ga laifinta ba, amma karin maganar ta hau wajen ko bata hau ba?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba su lafiya ya tsare gaba. In ƙa'ida za a bi, targaɗe da karaya duk ciwo ne kuma dangi ɗaya ne, na biyun ya fi na farko muni. Shi ya sa ake yin ta in ana fama da ƙaramar musiba sai babba ta faɗo. To ciki ba musiba ba ne, kuma ko an ce wahala ce ba ta kai hatsarin da ya kusa cin rai biyu ba, ashe ma uku. Da ni ne a wajen da ana wata ga wata zan ce, don ita ba ta yanke hukunci ko abu na biyun alheri ne ko sharri, kawai tana nuna abubuwa sun haɗe wa mutum.

Maman Yan Biyu:
Malam kayi hakuri amma macen da aka ciro daga mota yanzun nan, mijinta na can yana ihu, ba ta zauna tana auna wace karin magana ce ta bi ka'ida ba. Kuma ba dan take cewa karaya ba wlh, duk wadda ta taba kwanika ta san me take nufi. Laulayi ga goyo ga jinyar mai karaya wanda sai an dagashi an kwantar, ga hanyar samu ta tsaya cak, wa zai dauki wa? wannan lissafin ne ya fado mata lokaci daya. Ciwon ya mace na ya mace ne.

Dan Baiwa:
Ni a ganina wani hanin ga Allah baiwa ne ta fi dacewa. Ko gobarar Titi. Da basuyi hatsarin ba da tana nan bata san da cikin ba, kila tayi ta shan magunguna barkatai.

Malamin Hausa:
Ɗan Baiwa, hani shi ne ka nemi abu ba ka samu ba, daga baya ka gane rashin nasa ne alherinka. Ita me ta nema aka hana ta? Gobarar Titi kuma ana yin ta ne in wanda abin ya faɗa wa ya fita da riba fiye da abin da ya rasa, kuma bayan ƙura ta lafa ake faɗa. Ka je gaban mutumin da aka ɗaure wa cinya ka ce masa hatsarinsa gobarar Titi ce ka ga kallon da zai maka.

Ungozoma:
Ku bar ni in shigo ta ɓangaren aikina don akwai abin da ya fi gardamar gaggawa. Yayar Auta, wannan gwajin da aka yi mata ba katsalandan ba ne, haka tsari yake ga duk mace mai shekarun haihuwa kafin hoto ko wasu magunguna. Kuma in likita ya ce sai an yi hoton ƙashi to a yi, hasken hoton kafaɗa ko na ƙirji kaɗan ne ƙwarai, barin rauni ba a gano shi ba ya fi haɗari ga uwar da ɗan duka.

Abin kwantar da hankali, kafin sati 12 mahaifa tana can ƙasa cikin ƙashin ƙugu, ƙashin ne ya kewaye ta, shi ya sa ƙaramin ciki ya fi tsira daga bugu. Babban ciki ne ake jin tsoron mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, shi ya sa in ya wuce sati 20 ake riƙe mace aƙalla awa 4 ana bibiyar bugun zuciyar ɗan ko da ta ce ba ta jin komai. Duk da haka in ta ga jini ko ciwon mara mai tsanani ko jiri, kada a jira gari ya waye. Ku tambaya an duba rukunin jininta? in nagetif ne akwai allurar anti-D, mai hana jikin uwa yaƙar jinin ɗan, da ake so a yi cikin awa 72 bayan bugu ko zubar jini, likitanta ne zai ce ko tana buƙata, ko lokacin ya wuce a gaya masa. Maganin ciwon jiki kuma kada ta sha na mijin, farasitamol aka fi bai wa mai ciki, su ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita. Ta fara folik asid yau yau, ta fara awo.

Shayarwa kuma tana hana ɗaukar ciki ne kawai in jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi to kariyar ta faɗi, kuma ƙwai yana iya fita kafin jinin farko ya zo, shi ya sa mata da yawa suke tsintar kansu haka ba tare da sun ga komai ba. Tsoronta ma yana da tushe, Hukumar Lafiya ta Duniya shawararta a samu tazarar wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin don jiki ya murmure. To macen da jikinta bai gama dawowa ba ta ji tsoro, ni ban ga butulci a nan ba.

Yayar Auta:
Anti Ungozoma Allah ya saka da alheri, jininta O fozitif ne. Nonon fa, gwaggo tace a cire yaron yanzu wai zai sha ciki ya lalace.

Ungozoma:
Nonon mai ciki ba ya zama guba. In cikin lafiya lau yake za ta iya ci gaba da ba shi, sai dai nonon yakan ragu in ciki ya yi nisa, kuma ita sai ta ƙara cin abinci sosai. In akwai zubar jini ko likita ya ga wani dalili shi zai ce a dakata. Yaro ɗan wata 8 a yaye shi rana ɗaya a wannan ruɗanin, shi ma wata jinyar ce za ku jawo.

Tsohon Direba:
Salam. Ni tsautsayi ba ya wuce ranarsa ita ce ke damuna, don na ga yadda mutane ke fakewa da ita. Taya ta sude har zare ya fito, a ce tsautsayi. Ba ina cewa mijin kanwarki yayi sakaci ba yar nan, ban san motarsa ba, sabuwar taya ma tana fashewa. Amma mu da muka ce haka mu ne kuma muka ce taya Allah kiwo ya fi Allah na nan. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a titi duk shekara, duk ranarsu ce eh, amma da yawa gudu ne da rashin daura bel. Bel din nan mai ratsa kirji da kugu tun 1959 kamfanin Volvo ya fito dashi, har yau sai an roki mutane. Kuma in taya ta fashe kada a danna birki da karfi, a rike sitiyari da hannu biyu a saki totur a hankali motar ta rage gudu da kanta.

Maman Yan Biyu:
Baba Direba kaga ka tabo wani abu, mata da yawa in ciki ya fito sai su daina sa bel wai zai matse dan.

Ungozoma:
Kuskure ne babba. Na ƙasan a ƙarƙashin ciki ake sa shi, ya kwanta kan ƙashin ƙugu, kada ya hau kan cibiya. Na saman ya bi tsakanin ƙirji ya wuce ta gefen cikin zuwa kafaɗa, ba a ƙarƙashin hamata ba.

Uwar Gida:
Ku dawo kan karin maganar, ni akwai abinda naga ba wanda ya fada. Ita karin magana irin wannan akwai wanda ya isa ya fadeta. Da gwaggo ce ko makwabciya ta kalli cikin tace karaya ne, to da ni ma sai inda karfina ya kare, wannan cin fuska ne. Amma mai abin ce ta fada da bakinta a lokacin da take cikin gigita, mai daki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma mutum yana iya gode wa Allah da ya tsira yana kuma jin tsoron abinda ke gabansa, duka biyun a zuciya daya, ina sabanin yake? abinda aka samu da fadan nan kawai shi ne an rufe mata baki, yanzu ba wanda ya san me take ciki. Wannan shirun nata ya fi bani tsoro akan kalmar da ta fada.

Malamin Hausa:
Hajiya a kan wanda ya isa ya faɗa muna tare. Amma ina nan a kan cewa kada ta bi bakin dangi ta zama sunan cikin, don yara suna girma su ji abin da aka faɗa a kansu. Ta faɗa sau ɗaya cikin kuka, a bar ta a nan, kada a yi ta maimaitawa a gaban masu zuwa dubiya.

Yayar Auta:
Hakane Malam. Wani abin kuma, bata barci, da ta rufe ido sai ta zabura tace taji karar tayar, ranar da za a maidata gida ma da kyar ta yarda ta shiga mota, jikinta sai rawa yake.

Ungozoma:
Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, a makonnin farko wannan ba baƙon abu ba ne kuma ga mutane da yawa yana raguwa da kansa. Amma ku sa ido, in ya wuce wata guda tana mafarkin abin, tana gudun mota, ko ta daina cin abinci ta daina kula yaron, to a gaya wa likita a wajen awo don akwai masu kula da wannan kuma ana warkewa. In ta furta wata magana ta gajiya da rayuwa kada ku jira watan, ku kai ta a ranar. Kafin nan ke yayarta ki karɓi yaron da daddare ta samu ta runtsa, ki zauna da ita ku biyu ba gwaggo a ɗakin, in ta fara magana kada ki gyara mata ko kalma ɗaya. Yaushe aka ce ta koma sikanin na biyu?