Imel ɗin makaranta zai ja min masifa, a taimaka

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Ina digiri na biyu, makaranta ta ba mu imel, ni kuma ba na buɗe shi, sai na saita duk saƙon da ya shigo can ya zarce Gmail ɗina. Gmail ɗin nan tun ina sakandare yayana ya buɗe min, sunan ma na yarinta ne, amma komai nawa yana ciki, hotuna, rasit, komai. To jiya malamin da ke duba aikina ya ce me ya sa nake amsa masa da adireshin da bai sani ba, wai kuma ya turo gyaran babi na 2 sati biyu ke nan, wallahi ban gani ba. Kaina ya kulle.

Injiniya: Ke karɓa kawai kika saita, ba ki saita aikawa ba. Ki shiga saitin Gmail a kwamfuta, ba a waya ba, ki ƙara adireshin makarantar a wajen aikawa da sunan wani imel, ki sa SMTP ɗinsu (wato adireshin sabar da ke aika saƙonsu) da lambar port 587. Minti biyar. Saƙon malamin kuma yana cikin sifam (akwatin saƙonnin banza), haka saƙon da aka juyo kan yi.

Baƙo: Ba lallai ba Injiniya. In Microsoft makarantar ke amfani da shi, tun 2022 suka fara rufe tsohuwar hanyar shiga da kalmar sirri kawai, wasu makarantun ma sun toshe turawa waje. 'Yar uwa, na Google ne ko Microsoft?

Injiniya: Malam, na yi wa mutane da dama, ka bar maganar.

Tsohon ɗalibi: Ke kin ma ji daɗi. Ni ina gamawa suka rufe nawa ba sanarwa, takarduna duka suka tafi, har yau ba wanda ya amsa min a ofishin.

Aunty: Ƙanwata ki sauke manhajar imel ta Outlook ki huta, ki raba na karatu da na gida.

Mai tambaya: Aunty wayata a cike take, kuma akwati biyu ai shi na gudu tun farko. Na duba sifam babu komai. Ni dai ina ganin bai turo ba ne.

Baƙo: Kin buɗe asalin imel ɗin makarantar kin duba?

Mai tambaya: Na manta kalmar sirrin.