"Da hanau gara mannau": a bakin wa ta dace?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Jiya a wurin hira gardama ta kaure kan dokar man fetur ta 2021. Majalisar Wakilai ta ce a ware wa garuruwan da ake haƙar mai a yankinsu kashi 5 cikin ɗari, ta Dattawa ta ce 3. Da aka zauna daidaitawa sai 3 ɗin ya tsaya, Buhari ya sa hannu a watan Agusta. Abokina ya ce ai da hanau gara mannau. Ni dai maganar ta tsaya mini a rai. Ta dace a nan?

Malam Na-Zariya: Wa'alaikumus salam. Ta dace mana. Hanau a hana ka ƙememe ke nan, mannau kuwa a ɗan manna maka wani abu a hannu. Ƙudurin nan tun 2008 yake kai-kawo a majalisa. Wanda ya kafe sai duka, hannu rabbana zai tashi.

Gwaggon Yara: Malam, fassararka ba gyara, amma duba bakin da maganar ke fitowa. Wanda aka ba kaɗan shi ke faɗinta don ya lallashi zuciyarsa. In mai rabon ne ya faɗa wa wanda ya rage wa kaso, ta zama gori. Sanatocin Kudu maso Kudu 18 ne cikin 109, an fi su hannu ne kawai. Kason ma ba daga riba ba ne, daga kuɗin da kamfani ya kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata ne. Mutanen garuruwan man kuwa ruwansu ya gurɓace, kifinsu ya mutu.

Autan Gombe: Gwaggo, ai haka majalisa take, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Gwaggon Yara: Auta, ka juya karin maganar baibai. Talakawa ake ba ƙwarin gwiwa da ita su haɗu su tunkari mai ƙarfi, ba lasisi ba ne na masu yawa su danne tsiraru. Wannan sunansa kashin dankali. Kuma kar ka manta an ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani a 2022, tsakanin Gombe da Bauchi. Gobe ku za a manna wa ukun.

Autan Gombe: To fa! Na janye, Gwaggo.

Malam Na-Zariya: Hajiya, kin kama ni ta gefe ɗaya, amma ban sallama duka ba. A 1958 hukumar Willink, wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa don duba koken ƙananan ƙabilu, ta ƙi amincewa a ƙirƙira wa ƙananan ƙabilu jihohi, ta ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Mannau ne, suka karɓa suna gunaguni. A 1963 aka kafa yankin Tsakiyar Yamma, a 1967 Gowon ya yi jihohi 12, har da Ribas.

Gwaggon Yara: Ribas ɗin majalisa ce ta ba su, Malam, ko soja ne a jajibirin yaƙi?

Baban Ummi: Malam, ana jiran ka. Ni zan je in ɗauko abokin nawa ya zo ya kare kansa.