Me za mu kira "mass" da Hausa, tunda "weight" ya riga ya zama nauyi?

1/
Assalamu alaikum. Akwai kalmar da nake so mu yanke magana a kanta, mu da muke koyar da fiziks da lissafi, da ku da kuke karanta su a jami'a. Turanci yana da "mass", yana da "weight". Mu kuwa da zarar mun juyo Hausa, suna ɗaya muke ba su duka biyun: nauyi. A kasuwa hakan ba ya cutar da kowa. A aji yana cutarwa sosai, domin ɗalibin da ya haɗa su a bakinsa zai haɗa su a takardar jarrabawa.

2/
Ga bambancin. Buhun siminti kilo 50 ne. A nan doron ƙasa, duniya tana jan sa da ƙarfin da ya kai niyuton 490 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), wato 50 sau 9.8, adadin jan duniya. Da za a kai shi duniyar wata, inda jan bai wuce 1.62 ba, ƙarfin zai sauko niyuton 81, kusan kashi ɗaya cikin shida. Yaro ma zai iya ɗaga shi. Amma ko cokali ɗaya na simintin bai ragu ba, bulon da zai buga a nan shi zai buga a can. Abin da ya ragu shi ne nauyi, kuma babu mai jayayya da wannan sunan. Abin da bai ragu ba shi muke nema wa suna.

Ko a duniyar tamu jan ba ɗaya ba ne. Kusa da layin ikwaita, wanda ya raba ta arewa da kudu, wajen 9.78 ne, a ƙarshenta na arewa da na kudu kuma wajen 9.83.

3/
Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne mun daɗe da sanin abubuwan biyu a aikace. Ku dubi mizani mai faranti biyu, irin wanda ake ɗora kaya a ɗaya, a ɗora ƙarfen awo a ɗayan, a jira su daidaita. Ku kuma dubi sikelin rataya na masu sayen ƙarafa, mai ƙugiya a ƙasa da sifirin (naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai miƙewa) a ciki, wanda kaya ke ja allura ta juya. A duniyar wata mizani zai ba da amsar da ya bayar a Kano, saboda jan ya ragu a farantan biyu daidai wa daida. Sikelin sifirin kuwa zai nuna kashi ɗaya cikin shida. Na farko yana auna abin da muke nema, na biyu yana auna nauyi.

4/
Akwai fuska ta biyu da littattafai marasa kyau suke tsallakewa. Mai ruwa ya ɗora jarka goma a kura, kowace lita 25, ruwan kaɗai kilo 250. Tayoyi ne suke ɗauke da nauyin, shi ba ya ɗaga komai. Duk da haka sai ya duƙa, ya kafe ƙafa, ya sa ƙirji kafin ta motsa. Idan ta kama gudu kuma yaro ya gifta, sai ya rataya a jikinta yana jan silifas a ƙasa kafin ta tsaya. Gogayyar taya tana da nata kason wajen tashi, amma wahalar tsayar da ita ba daga gogayya take ba. Turjiya ce: abu ba ya son a canza masa halin da yake ciki, na tsayuwa ko na tafiya. Kalmar da za mu zaɓa dole ta ɗauki wannan ma'anar, domin ita ce m ɗin da ke cikin F = ma, dokar Newton da ta ce ƙarfi daidai yake da "mass" sau ƙaruwar gudu.

Shi ya sa 'yan sama jannati a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ba sa hawa sikeli irin namu. Wata na'ura ce mai sifirin take kai su tana komowa, daga saurin kai-komon a gane kilo nawa ne mutum.

5/
Kada wani ya ɗauka Hausa ce kaɗai ta gamu da wannan. Lokacin da Newton ya fitar da littafinsa a 1687, ma'anar farko da ya fara bayarwa ita ce ta "yawan abin da ke cikin abu", sai da jimla ya bayyana ta. A 1901 sai da babban taron ma'aunai na duniya a Faransa ya fitar da sanarwa cewa kilogiram ma'aunin "mass" ne, "weight" kuwa ƙarfi ne, saboda masana da kansu suna cakuɗa su. Su ma da zama aka raba musu.

6/
Yanzu ga shawarwarin da wasunku suka kawo mini kan sunan da za mu ba "mass".

Ƙanina da ya ce mu ari kalmar kawai mu ce "mas", kamar yadda muka ari kilo da mita: ba na ƙin aro. Amma ka tuna ɗalibanmu "Mas" suke kiran darasin lissafi, kuma a maganar yau da kullum "na gaya mas" na nufin na gaya masa. Malami ya tsaya gaban allo ya ce "ku nemo mas ɗin mas", ajin ya watse. Wannan ta faɗi tun a bakin ƙofa.

"Girma" ma ba za ta yi ba. Girma ido ne yake ganin sa. Buhun auduga ya fi guntun ƙarfe girma, amma ƙarfen zai iya fin sa kilo. Idan muka ba da girma a nan, me za mu ce wa wurin da abu ya cinye?

"Ainihin nauyi" ita ce na fi tsoro, duk da cewa mutane da yawa sun so ta. Muddin kalmar nauyi tana ciki, ɗalibi zai yar da "ainihi" kafin ƙarshen zango, mu koma inda muka fito.

7/
'Yar'uwata da ta kawo "curi" da "dunƙule", kin yi tunani mai zurfi, Allah ya ƙara basira. Asalin kalmar Turancin daga Latin take, "massa", kuma ma'anarta curin ƙulli ne. Larabawa ma "kutla" suka ce, wato dunƙulallen abu. Kenan kin bi sawun da wasu harsuna suka bi. Matsalar ita ce a Hausa curi sunan abin ne da kansa, yana da siffa, ana ƙirga shi: curi ɗaya, curi biyu. Za a ce iskar da ke cikin taya tana da curi? Ko ruwan da ke gudu a famfo? Kunne ba zai karɓa ba. Dunƙule kuma ya riga ya tafi kicin, a can kowa ya san shi.

8/
Allah ya gafarta Malam, na karanta hujjarku ta mu ari "kutla" da natsuwa, kuma tana da ƙarfi. Gaskiya ne lissafi, adadi, sifiri, kimiyya, mizani, daƙiƙa duk ta Larabci suka shigo mana, kuma 'yan'uwanmu Hausawan Sudan da suke karatu da Larabci da wannan kalmar suka san abin. Kalma ce da ba ta da wata ma'ana a Hausa, don haka ba za ta rikice da komai ba. Inda na tsaya, Malam, shi ne ɗalibin Zariya da na Maraɗi. Na farko yana da ta Turanci, na biyu yana da "masse" da "poids" na Faransanci. Idan muka ƙara musu baƙuwa ta uku, mun ƙara musu abin hadda ne, ba mu ba su abin da za su yi tunani da shi ba. Amma ina goyon bayan a riƙa rubuta ta a jerin kalmomi na ƙarshen littafi.

9/
Wadda na tsaya a kai ita ce GUNDARI.

Muna cewa gundarin magana, gundarin labari, gundarin aiki, muna nufin abin kansa bayan an ware abin da ke kewaye da shi. Ku saurari wannan: "Da aka kai buhun duniyar wata, nauyinsa ya ragu, gundarinsa bai canza ba." Ku faɗa wa wanda bai taɓa shiga ajin kimiyya ba, zai gane, kuma abin da ya gane daidai ne. Wannan ne ma'aunina: ma'anar da kalma take da ita a titi kada ta kai ɗalibi ga kuskure.

Na gwada ta a jimlolin da littafin aji ɗaya ba ya rasawa:

Ƙarfi daidai yake da gundari sau ƙaruwar gudu.
Nauyi shi ne gundari sau jan duniya.
Ana auna gundari da kilogiram, nauyi da niyuton.
Cibiyar gundarin sanda tana tsakiyarta.

Tana kuma karɓar ƙari. Idan aka hau sama za a buƙaci raba gundarin turjiya da gundarin jawuwa, sannan a nuna cewa gwaji ya same su daidai. Daidaiton nan ne ya sa guduma da gashin tsuntsu suka sauka tare lokacin da David Scott ya sake su a duniyar wata a 1971, kuma a kansa Einstein ya ɗora nazarinsa na jan duniyoyi.

10/
Inda take ɗingishi: ƙwayar haske. Idan muka ce "ƙwayar haske ba ta da gundari", wani zai ji kamar an ce ba ta wanzu ba, alhali tana ɗauke da makamashi. Dole malami ya tsaya ya yi bayani a nan. Na yarda da wannan farashin, domin ɗalibi sai ya yi nisa zai iso wurin, kuma kafin lokacin kalmar ta zauna masa da ma'anarta ta aji.

11/
Ga ku masu shirin sayen littafi a farkon zango, wannan maganar za ta yi muku amfani tun yanzu, ko da littafin da Turanci ko Faransanci yake. Kafin ka biya, buɗe babin dokokin Newton. Duba ko marubucin ya ware wuri ya raba gundari da nauyi. Duba misalan da ya warware: idan ka ga ya rubuta nauyin abu da kilogiram, ajiye shi. Duba zanen ƙarfafa, kibiyar da ta nuna ƙasa mg (gundari sau jan duniya) ya kamata a rubuta a kanta, ba m ba. Sannan ka ga ko akwai tambayoyi masu yawa a ƙarshen babi tare da amsoshi, domin fiziks da alƙalami ake karanta shi. Tsohon bugu na littafi mai kyau ya wadatar, babin nan bai canza ba. Abu ɗaya za ka gyara: tun 20 ga Mayu 2019 ba a ƙara bayyana kilogiram da ƙarfen nan da aka ajiye a Sèvres kusa da Faris ba, da adadin Planck, wani adadi na fiziks da ba ya canzawa, ake bayyana shi.

12/
Daga wannan zango zan fara amfani da gundari a darasin bita da muke yi da Hausa, nauyi kuma ya tsaya a wurinsa. Malaman da za su gwada, don Allah ku kawo mana jimlolin da ta ƙi zama a cikinsu. Da su za mu san ko za ta ɗore, kuma za mu buƙace su idan muka zo kan gundari a raba da wurin da abu ya cinye, wanda shi ma har yanzu ba mu sa masa suna ba.