Yadda likita ke tabbatar da ciwon sikizofireniya

Tambayar da aka fi yi kan sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, ita ce ko akwai gwajin jini da ke nuna ciwon. Babu. Jini da hoton ƙwaƙwalwa ana yin su ne don a kawar da zaton farfaɗiya, ƙari a ƙwaƙwalwa ko illar wiwi da ƙwaya.

Likita yana dogara ne da hira da tarihi. A ƙa'idar DSM-5, littafin likitocin Amurka na gano cututtukan taɓin hankali, sai an samu alamu 2 cikin 5 na tsawon wata 1: jin muryoyi ko ganin abin da babu, ƙudurce abin da ba haka ba, magana ba kan gado, rikicewar ɗabi'a, ko mutuwar zuciya. Dole ɗaya ta fito daga ukun farko, kuma matsalar ta kai wata 6. Ƙa'idar ICD-11, kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wata 1 take nema, shi ya sa likitoci biyu kan saɓa.

An daɗe ana muhawara kan ko aljanu ne ke jawo ciwon. Imanin da jama'a suka yi tarayya a kai ba alamar ciwo ba ne, amma ni ina ganin ruƙiyya ba ta hana zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna. A tafi da ɗan'uwan da ya san lokacin da abin ya fara, a kuma faɗi gaskiya kan shaye-shaye.