Wane tsohon ɗan baya zan sa yarana su kalla?

Kocin Agege: Salamu alaikum jama'a. Lamba huɗu da biyar ɗina, wato 'yan bayan tsakiya, 'yan ƙasa da shekara 15, ba sa iya tsayuwa. Wasannin wa zan saukar musu?

Na Obalende: Taribo West, an gama magana.

Malam na Idi-Araba: Koci, ka fara musu da Joseph Yobo. Daga Standard Liège ya je Marseille, 2002 koci David Moyes ya ɗauko shi aro zuwa Everton, kuma a kakar 2006/07 ba minti ɗaya na Firimiya da bai buga ba. Su lura da ƙafarsa: ba ya fuskantar ɗan gaba ƙirji da ƙirji, yana karkata jiki, ƙafa ɗaya gaba, ya bar kamar taku biyu tsakani, ya kora mutum gefen layi. Yaro in ya jera ƙafafu waje ɗaya, yanka ɗaya ya isa a bar shi a zaune.

Na Obalende: Malam, Taribo fa ya ci kofin UEFA da Inter a 1998, kuma daga Julius Berger ta nan Legas ya fita.

Malam na Idi-Araba: Gaskiya ne, ƙanena, amma a wasan ƙarshen nan da Lazio jan kati ya samu. Kuma a filin da duk tsakuwa ne, yaron da ya koyi zamiya irin ta Taribo cinyarsa zai saɓule.

Ɗan Mile 12: Yobon da ya ci gida?

Alhajin Alaba: Ai wannan ma shi ya kamata a nuna musu. Batistuta 2002, Heinze 2010, Pogba 2014, duk a Kofin Duniya, daga bugun kwana aka ci Najeriya da ka. Cin gidan Yobo da Faransa a 2014 ma gajeriyar kwana ce, Valbuena ya samu sarari ya shimfiɗo ta ƙasa. Matsalar kullum ɗaya: ana kallon ƙwallo, an manta mutum. Koci, ka tsayar da ɗaya a turken raga na kusa, dogaye uku a layin yadi shida, sauran kowa da mutuminsa, hannu na taɓa shi ba riƙo ba. In an yi gajeriya, mutum biyu su fita, don ɗaya ba ya tare biyu. Bugun kwana 10 ta dama, 10 ta hagu a ƙarshen kowane atisaye, lokacin da suka gaji, don a gajiye ake yin kuskuren.

Ɗan Mile 12: Ranka ya daɗe, to a Kofin Afirka na 2013 ai Omeruo da Oboabona ne suka yi aikin, Yobo dai ya ɗaga kofi.

Malam na Idi-Araba: Rauni ya ji. Wasa 101 ya buga wa Najeriya, ka yi masa adalci.

Kocin Agege: Alhaji, in dogo ɗaya kawai gare ni fa?

Alhajin Alaba: Sa shi tsakiyar yadi shida, kada ka ba shi mutum. Golanka ya riƙa kira da ƙarfi kafin ya fito.